Bangon Gabas na Gidan Hayata

Duk wanda ya ce maka gidan haya hutu ne, ka tambaye shi ko ya taɓa mallakar ko da akurkin kaji. Ni ma haka aka ce mini. Da aka raba mana gadon mahaifinmu, gonar Katanga ce ta faɗo a rabona, ni kuwa mace ce mai rumfar atamfa a kasuwar Jega, ban san ta inda ake kama fartanya ba. 'Yan'uwa suka taru a kaina: ki sayar, ki sayi gida a Aliero, ga ɗalibai nan sun cika gari suna neman wurin kwana, kina zaune a rumfarki arziki zai riƙa biyo ki. Maganar ta yi mini daɗi a kunne. Na sayar da gonar, na sayi gidan, har walima na yi.

Ginin ƙasa ne irin na da, rufin soro a kan azara, ɗakuna a jere sun zagaye tsakar gida, ƙofofinsu 'yan ƙanana masu tudun dokin ƙofa. Don ya ja hankalin ɗalibai na sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka buga masa shuɗin fenti, kai ka ce ginin bulo ne. Ɗaliban suka zo, suka leƙa, suka tambayi ina banɗakin cikin ɗaki, suka yi gaba. Ka ji mini 'ya'yan zamani! Gidan ubansu a cikin ɗaki suke wanka?

Waɗanda suka shiga gidan a ƙarshe ba su taɓa zuwa mini a rai ba. Kowa ya san Aliero da albasa, ya kuma san ta da ɗori. Daga nesa ake kwaso wanda ya karye a kawo shi, in an ɗaure masa ƙashi kuwa sai ya sami inda zai kwanta har ya kama. To, irin waɗannan ne dillali ya fara turo mini, su da masu jinyarsu. Kafin shekara ta zagayo gidana ya zama gidan majinyata: ƙaurin man shanu, tsummoki a kan igiya, nishi da salati duk safiyar da mai ɗori ya shigo zagaye. Ban ƙi ba. Ba sa kunna kiɗa, ba sa faɗa a bakin rijiya, kuma ba wanda zai sulale ya gudu, don da wace ƙafar?

A daminar da nake ba da labari aka kawo wani makiyayi daga Kuberi, can ƙasar Maiyama. Dogo ne, siriri, ba zai wuce arba'in ba. Suna ɗora wani bijimin sa a mota ranar kasuwa, san ya zame ya faɗo masa a cinya, ƙashin ya karye wuri biyu. Mahaifiyarsa ce ke jinyarsa, wata 'yar tsohuwa mai ƙarancin magana, yana ce mata Dada, mu ma duk muka bi shi. Ɗakin ƙurya aka ba su, wanda bayansa ke kallon gabas. Mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, aka shimfiɗe shi a ƙasa kan tabarma, aka tare cinyar da buhunan rairayi hagu da dama don kada ta motsa. Kansa na jikin bangon nan na gabas.

Wata ranar na zo duba gidan, marka ta kankama, sai Dada ta tare ni a tsakar gida.

"Hajiya, taho ki gani."

"Mi za ni gani, Dada? In yoyo ne kowa na fama, har ɗakina na Jega."

Ta buɗe tafin hannunta. Ƙusa ce doguwa, wadda take rataye ƙwaryar nononta. Ta ce da kanta ta zare daga bango, ƙwarya ta faɗo ta fashe. Na karɓa na duba. Daga tsakiya zuwa tsini jan laka ne, jiƙe sharkaf, har yana manne mini a yatsa.

Na shiga ɗakin na gaishe da mai jiki, na ƙwanƙwasa bangon da bayan hannu. Sai na ji yana amsawa kamar gora. Simintin da na kashe kuɗi na shafa ya rabu da ƙasar, yana tsaye shi kaɗai yana ƙyalli, abin da ke bayansa kuwa ya zama kunu. Na zagaya ta lungu. Ashe maƙwabcina ya ɗaga sabon gini, ya juyo da indararonsa, duk ruwan rufinsa a gindin bangona yake sauka, ga kuma ruwan saman da ke tasowa daga gabas yana dukansa kai tsaye. Daga sama har kusan ƙasa tsaga ce, hannuna ya shige har wuyan hannu. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ni mai ɗakin ban sani ba, sai da ƙusa ta gaya mini.

Ban ko ɗauki jakata ba na nufi gidan mai ɗori, wani dattijo mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Na ce, "Baba, a tashe shi yau. Ga ɗakin da nike aje kayana can, a maishe shi ciki."

Ya girgiza kai. "Hajiya, ƙashi yanzu ya fara kamawa, kuma wuri biyu ne. In anka girgiza shi zai hau kan juna, ƙahwa ta gajarce. Ni ban ba da izini ba."

"To sai yaushe?"

"Sai ya kama."

"In bangon ya hwaɗi kansa fa?"

"Wannan kuma ni mai ɗori ne, ba magini ba."

Na tafi wurin magini. Ya zo ya duba, ya soka ƙarfe, ya cije leɓe. Na ce a rushe bangon ta waje a sake shi. Ya ce azarar rufi a kansa ta hau, rufin kuma ya sha ruwa ya yi nauyi, in ya taɓa bango rufi zai sauko. Na ce to a faɗaɗa ƙofa yadda za a fito da mutumin a miƙe ba tare da an karkata shi ba. Ya ce ɗaya kan azarar a bangon ƙofar yake, duk jirgi ɗaya ne. Na ce to yaushe zai faɗi? Ya ce, "Hajiya, yana iya hwaɗuwa kafin in rufe baki, yana iya binne ni da ke." Abin da ya iya yi kawai, ya kawo itatuwa masu gwafa ya tokare ta waje, ya tokare azara biyu ta ciki, ya ce ba alkawari.

Maƙwabci kuwa, da ƙyar ya yarda ya juya indararonsa, bayan na tsaya ƙofar gidansa na zazzage masa abin da ke cikina har mutane suka taru. Mai unguwa ya zo ya leƙa, ya yi salati, ya ce a yi ta addu'a. Duk wanda na nufa, da magana ɗaya yake sallamata: "Yadda kika gani, Hajiya, gidanki ne." Gidanki ne! Ranar da nake walima ban san nauyin kalmar nan ba.

Na koma wurin mai jikin na durƙusa. Na ce, "Malam, ka ga halin da ake ciki. Ka yarda a ɗauke ka."

Idonsa na kan azara ya ce, "Hajiya, ni ba ni da gona, ba ni da rumfa. Ƙahwar nan ita ce gonata. In ta lalace, wa zai bi shanu zuwa kudu da rani? Ki bar ni. In ajali ne, ko a fili yana iske mutum."

Na juya ga Dada ko za ta taya ni. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Daga baya na lura ta ɗauke tabarmarta daga bakin ƙofa ta mayar jikin bangon, tsakanin kan ɗanta da simintin, wai in zai faɗo ya fara da ita. Tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Na fita na zauna a bakin rijiya na yi kuka, kukan haushi, don ban san wanda zan zaga ba.

Daga ranar ban koma Jega ba. Na bar rumfa a rufe a tsakiyar cinikin da ake yi, na tare a ɗakin kayana, ina kwana kan buhunan da wani ɗan haya ya bari suna warin ruɓaɓɓiyar albasa. In na ce zan tafi, sai in kai tasha, in ga gajimare ya haɗo ta gabas, in juyo. In na zauna kuma ba abin da nake tsinanawa sai kallon bango. Na tsinke tsintsiya na soka a tsagar don in ga ko tana buɗewa. Da safe in je in tarar tsinken ya faɗo, in sa mai kauri, shi ma ya faɗo. Abinci ya daina shiga. Manoman Danwarai da ke wucewa ta ƙofar gida suna murna damina ta yi kyau, ni ina jin kamar in rufe su da duka. Ni kaɗai ce a garin nan nake roƙon Allah ya ɗauke ruwa a watan marka, ina yi ina istigfari.

Gaba kura, baya siyaki. In na bar shi bango ya danne shi, har in mutu sunana matar da gidanta ya kashe baƙo, kuma ranar gobe ni za a tambaya, ba magini ba, ba mai ɗori ba. In na ɗauke shi ƙafa ta lalace, ni ce na nakasa shi da hannuna, bayan ya roƙe ni da bakinsa. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kowa: 'yan'uwan da suka ba ni shawara, ɗaliban da suka ƙi gidan, har san da ya zame.

Ranar da abin ya ƙare, da la'asar ne. Hadari ya taso baƙi ƙirin tun daga ƙasa, iska ta tsaya cak, kaji suka shige. Ina tsaye a ƙofar ɗakin sai wani falle na siminti, faɗin faifai, ya ɓanɓaro daga sama ya tarwatse kusa da kafaɗar Dada. Ƙasa ta biyo shi tana zuba a hankali. Ban san lokacin da na fita titi ba. Na kira masu dako huɗu da ke lodin albasa a bakin hanya, na sa suka cire ƙyauren ɗakina.

"Hajiya, na roƙe ki," in ji mai jikin da ya ga ƙyauren. "Don girman Allah."

"Malam, gurgu na kiwo, gawa ba ta kiwo. Ku ɗauke shi!"

Dada ta riƙe mini zani tana magana da Fillanci, ban ji ko kalma ɗaya ba, na ɓanɓare hannunta. Aka zura ƙyauren ƙarƙashin tabarma, aka ɗaure shi a kai da rawani da ɗankwalina, aka ɗaga. Har bakin ƙofa lafiya. A nan ne ƙyauren ya ƙi wucewa a kwance, dole aka karkata shi, na gaba kuma ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Ba su yar da shi ba, girgiza ce kawai. Amma sautin da ya fito daga bakin mutumin nan, wanda ko ranar da aka ja masa ƙafa an ce bai yi ƙara ba, har yau yana kunnena.

Muna shigar da shi ɗakina ruwa ya ɓarke. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta zama tafki. Duk wanda ke iya tsayuwa a gidan ya tsaya a ƙofarsa yana kallon ɗakin ƙurya. Ni ma ina tsaye, jiƙe, ina jira in ji rugugi. Wallahi jira nake, har da ɗoki. Ruwa ya yi ya gaji, ya tsagaita, ya ɗauke. Kwaɗi suka fara kuka. Ɗakin na nan tsaye.

Washegari mai ɗori ya zo ya kwance, ya shafa cinyar da yatsunsa, ya sake ja ya ɗaure. Bai yi mini faɗa ba. Da zai fita ya ce, "An yi abin da anka yi," ya sa takalmansa. Sauran daminar nan na yi ta a gidan, don ɗakina na ba su, ni na koma zaure, kuma ko an ce in tafi ba zan iya ba. Kullum in an yi ruwa sai in zagaya lungu. Damina ta wuce, aka yi girbi, bangon ya bushe da tsagarsa.

Da aka kwance karare, ya miƙe da sanda, kowa ya gani. Ƙafar ta gajarce, ba kaɗan ba. In ya taka sai kafaɗarsa ta nutse gefe guda.

Ranar da za su tafi na shirya wa zagi, har na fi son a zage ni, don na iya ramawa. Dada ta wuce ni ba ta dube ni ba, wannan na fahimta. Shi kuwa ya dogara sandarsa ya ja ƙafa har ƙofar ɗakin ƙurya, ya daɗe yana kallon inda kansa yake a da. Na ce masa da rani zan sa a rushe bangon a sake shi da bulo.

"A'a, Hajiya," ya ce. "Abu ɗaya nike roƙo, wannan karon ki yi mini. Kada ki rushe shi. Ki bar shi mu gani."

Me zan ce? Wanda ya roƙe ni da girman Allah na ƙi, yanzu ya sake roƙo. Na ce na bar shi.

Ga ni nan a kan wannan alkawarin har yau. Ɗakin a kulle yake, don ba zan sake kwantar da ɗan kowa a ƙarƙashinsa ba. Na kusa da shi ma na hana, azararsu ɗaya. Lungun baya na sa an toshe da ƙaya saboda masu wucewa. Sau biyu ana taya gidan, da kyau kuwa, amma duk mai saye abin da zai fara yi shi ne ya kawo magina, don haka na ce ba na sayarwa ba ne. 'Yan'uwan nan da suka ce in saya, su ne yanzu ke cewa na haukace, ina kiwon bango kamar tunkiya. Su faɗi. Duk damina in hadari ya haɗo, ina rumfata a Jega amma hankalina na Aliero, in ruwa ya ɗauke in kira mai kula da gidan a waya, tun kafin in yi sallama ya ce, "Shina nan, Hajiya." Shekarar da ta wuce na sa aka cire itatuwan tokara gaba ɗaya, na ce ai wannan ba rushewa ba ce. Ko gezau. Ni da na roƙi Allah ya ɗauke ruwa, yanzu ni ce mai gidan da ke roƙon bangonta ya faɗi.

Makiyayin kuwa bai sake bin shanu kudu ba. Ƙanensa ke tafiya da su. Ya koma tufkar igiya, yana kawowa kasuwar Jega wajen masu dabbobi. Ba ya fashin biyowa ta rumfata, wani lokaci har da ɗan man shanu a gwangwani, wai in ji matarsa. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Sai mu gaisa, ya tambayi ciniki, in tambayi Dada da yara, sannan ya gyara tsayuwa a kan doguwar ƙafar ya yi tambayar da ta kawo shi. Na san abin da yake so ya ji. So yake a ce masa da ya kwana a wurin da ya mutu, don ya san abin da ya saya da ƙafarsa. Ni ma shi nake so in faɗa.

Makon jiya, bayan ruwan nan da ya kayar da katangu a unguwarmu, na hango shi tafe tsakanin rumfuna, igiyoyi a kafaɗa, yana nutsewa yana tasowa. Na ce a raina yau kam zan yi ƙarya, Allah ya yafe mini, in ce ya faɗi, mu huta ni da shi.

"Hajiya, an yi ruwa."

"An yi, Malam."

"Bangon fa?"

Na buɗe baki. Ya zuba mini ido, irin kallon da ya yi mini ranar da na shigo da ƙyaure.

"Bai hwaɗi ba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya gyara igiyoyinsa. "To, Allah shi kai mu baɗi."

Na ce amin. Na bi shi da kallo har ya shige cikin masu awaki, wata mata na tsaye tana tambayata kuɗin turmi, ban ji ta ba sai da ta taɓa ni.